Mashin Ɗin Ɗumame da Kaskon Inna

Har yau abin nan yana maƙale a bangon madafata, daidai tsayin fuskata, kuma duk safiyar da na shiga na gan shi sai na kau da kai. Ya daina aiki tun tuni. Ba ya ciruwa, don maginin da ya kafa shi ya ɗaure shi da siminti ta kowane gefe, in aka ce a ɓamɓare shi rabin bangon zai biyo shi. Baƙi in sun leƙo sukan tambaya ko talabijin ce. Nakan ce musu kayan Legas ne.

Shekarar da ya shigo gidanmu ita ce wadda damina ta ɗauke da wuri, hatsi ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye, sannan sanyi na wucewa sojoji suka karɓi mulki a Yamai. Mu nan Matameye abin da muka gani na mulkin soja bai wuce rediyo da ya canza murya ba, sai shingaye da suka ƙaru a hanyar iyaka. Yunwa kuwa ba sai rediyo ya faɗa mana ba. Rumbunmu ya kai ƙasa tun kafin zafi ya kankama, muka koma awon masara a kasuwa da ɗan abin da maigidana ke aikowa. Cin rani yake zuwa Legas duk shekara, gadi yake yi a gidan wani mai hali. Ni ina gida da yara huɗu, ina jiran ranar da zai dawo mana da buhu ɗaya ko biyu.

Ya dawo da bazara. Mota ta sauke shi da buhun garin rogo guda, da wani ƙaton kwali naɗe cikin bargo wanda ya hana kowa taɓawa. Na ɗauka keken ɗinki ne, har raina ya fara yin fari. Da ya kwance sai ga akwatin ƙarfe mai ƙofar gilashi. Wai matar maigidansa ce ta sake madafarta, ta ce a fitar da tsofaffin kaya, shi kuma gogan naku ya rungumo wannan tun daga bakin teku har nan. Yana ba ni labari yana washe baki: a kowane shinge sai an sa shi ya sauke, soja ya leƙa ciki, ɗan duwan, wato ɗan kwastan, ya leƙa ciki, kowa na tambayar ina hoton yake fitowa. Sai a ƙarshen labarin ya ce don kwalin ya samu wuri a mota sai da ya bar buhun masara a Kano wajen wani ɗan garinmu. Buhun masara, a wannan shekarar. Na dube shi, na dubi akwatin, na rasa wanda zan fara yi wa tsaki. Buhun nan har yau bai iso ba.

Mushen lakwal da ke layinmu, wato malamin makarantar boko, ya zo ya duba, ya ce sunansa mikro-ond. Matan unguwa ba su tsaya wahalar da harshensu ba, suka sa masa mashin ɗin ɗumame. Maigidana ya ce wannan ba irin wanda ake ɗorawa kan tebur ba ne, na cikin bango ne, shi ya sa bayansa da gefensa suke tsirara ba fenti. Kwana biyu bai huta gajiyar hanya ba ya kira magini. Ina ji ina gani aka fasa bangon da na yaɓe da hannuna, aka cusa akwatin, aka liƙe da siminti, aka jawo waya daga ɗaki ta bi ta saman turken akuya. A shekarar da mutane ke sayar da ƙofofin ɗakunansu su ci abinci, mu muna zuba siminti a madafa.

Shi kuwa bakinsa bai rufu ba wajen lissafo amfaninsa. Ba ya cin wuri, tunda yana cikin bango. Akuya ba ta ture shi, hannun yaro ba ya kaiwa gare shi, ɓarawo in ya zo sai dai ya saci gidan gaba ɗaya. Ba itace, ba hayaƙi, ba toka. Tuwon da ya kwana, minti uku ya yi zafi. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne duk gaskiya yake faɗa. Itace ya zama abin da ya zama a lokacin, 'yan gandun daji na kama duk wanda suka gani da gatari, karan da muke ƙonawa kuwa dabbobi sun cinye shi tun da kaka. Ba ni da abin da zan ƙaryata shi da shi, sai dai in ce abin bai kwanta mini ba.

Ranar gwaji na farko na sa tuwo cikin kwanon silba, don ba wanda ya ce mini kada in yi haka. Ciki ya ɗauki walƙiya da ƙara kamar ana walda, yara suka watse, ni na tsinci kaina a bakin rijiya da ludayi a hannu. Sai a sannan maigidana ya tuna cewa a Legas roba ake sawa. Muka koma roba. Tuwon kuwa, Allah wadai. Gefe ya ƙona maka harshe, tsakiya sanyi kamar gawa, in ka ɗan jinkirta ya koma kamar takalmin roba. Miyar kuka ta fantsama ta bi rufin ciki ta bushe, warin daddawa ya zauna daram, ko da toka na goge ba ya fita. Ba a yi mako ba kyankyasai suka gano ɗumin da ke bayansa, in ka buɗe ƙofar sai ka ga gashin bakinsu na leƙowa ta ramukan iska. Ƙanzo kuwa, wanda yarana ke faɗa a kansa kowace safiya, ya ƙare ke nan, tunda ba gindin tukunya.

Amma duk wannan da na haƙura da shi. Abin da ya sa nake wannan rubutu wata tsohuwa ce da ke bayan katangarmu, duk unguwa Inna muke ce mata. Mijinta ya rasu da daɗewa, ɗanta tilo ya tafi cin rani shekara uku ba wasiƙa ba saƙo. Da ƙuruciyarta ita ce mai furar bakin tasha, ba direban da bai san ƙwaryarta ba, kuma ita ta yi mini wankan jego a haihuwata ta fari, don uwata tana can Dungu ba lafiya. Mace ce mai tsabta da kaifin baki, wadda za ta gwammace a tarar da gawarta da a tarar da hannunta a miƙe. Shekarar nan 'yar gonarta ko damin kirki ba ta ba ta ba.

Tun da rani ya shiga muka samu wata hanya ni da ita, ba tare da mun taɓa zama mun shirya ta ba. Bayan sallar asuba in na hura wuta na ɗora ɗumame, sai in ji takunta a zaure. Tana shigowa da kaskonta, wani ɓarin tsohuwar tukunya da ya yi baƙi ƙirin, ta ce a ɗan ɗebo mata wuta. Ɗiban wuta ba abin kunya ba ne, matar Alhaji ma tana aikawa maƙwabta a ɗebo mata. Ina zuba mata garwashi sai in ce, Inna, ɗan taɓa mini miyar nan ki ji, kamar ta so ta yi tsami. Sai ta zauna kan turmi, in saka mata malmala guda cur a kwano. Tana ci tana faɗa: daddawa ta yi yawa, 'yan matan yanzu ba su iya kaɗa kuka ba, wa ya koya mini tuƙi haka da gudaji. Ta sauke malmalar nan tas, ta wanke hannu, ta ɗauki wutarta ta tafi. Na san wannan ne abincin kirki ɗaya da ke shiga cikinta a yini, ita ma ta san na sani. Kullum in zan tuƙa na dare sai na ƙara dintsin gari saboda ita.

Kuskurena shi ne na gaya wa maigidana. Ina ba shi labarin gida bayan dawowarsa, wa ya mutu, wa ya haihu, wa ya sayar da saniya, sai bakina ya zarce na faɗa masa yadda muke yi da Inna. Ya ce Allah ya ba da lada. Na ɗauka maganar ta tsaya nan.

Da siminti ya gama bushewa ya ce ranar nan kada in hura wuta, zai kawo mutane su gani. Da sassafe ya sa na yi lulluɓi, ya shigo da maza har madafa, abin da ko ranar suna ba a yi a gidana: yayansa, da mushen nan, da maginin, da wasu abokan hirarsa biyu. Sun yi cirko-cirko gaban bango suna kallon robar tuwo na juyawa cikin haske kamar masu kallon wasa. Ana cikin haka na ji takunta a zaure. Wallahi na so in tare ta a can, amma jikin maza ya toshe mini ƙofa. Ta shigo da sallama, kasko a hannu, ta dubi murhu ta gan shi a share, sanyi ƙalau.

Maigidana ya yi dariya, irin dariyar mai jin ya zo da alheri.

"Inna, zamanin kasko ya wuce. Ɗumamen nan da kike zuwa ci kullum, yau a minti uku za ki same shi. Ke, kawo kwanon nata a fara sa mata, a ga aiki."

Yayansa ya sunkuyar da kai, mushe ya shiga gyara hularsa. Inna ba ta dube shi ba, ni ta duba. Kallon bai daɗe ba, amma na gane abin da ke cikinsa: ashe kin faɗa.

"Wuta na zo ɗiba," ta ce. "Tunda babu, a tashi lafiya."

Ta juya a hankali ta fita. Tana kaiwa zaure mashin ɗin ya yi 'yar ƙararsa ta gamawa, wani daga cikin abokan ya ce kai, ikon Allah.

Da suka watse na wanke shi tas, ban rage masa komai ba. Ya tsaya yana zare ido, wai shi me ya yi, ai taimako ya nufa, tsohuwa ba za ta ƙara jiran wuta ta kama ba. Har yau bai gane ba, kuma na daina ƙoƙarin ganar da shi. Na zuba tuwo a kwano na rufe, na zagaya da kaina. Na tarar da ita zaune gaban murhunta, tukunya a kai, hayaƙi na tashi. Ta amsa gaisuwata da fara'a kamar ba abin da ya faru, ta yi godiya, ta ce in mayar wa yara, ita ga nata nan ya kusa. Washegari na koma, ta ce ta riga ta karya. Rana ta uku ta ce cikinta ba ya son masara kwanan nan. Ban sake komawa da kwano ba.

Nan ne wurin da nake jin ƙyamar kaina, kuma zan faɗe shi yadda yake. Da na ga dama da na hura wuta a rana ta huɗu, in bar hayaƙi ya hau sama ta gani, ko da za ta yi mako tana fushi. Maigida ya ce ina dalilin ƙona itace ga mashin, ni kuma ban ja da shi ba. Ni da ke iya tayar da unguwa a kan akuya ta shiga mini shanya, a kan wannan ban ɗaga murya ba. Dalili kuwa, abin ya fara yi mini daɗi. Bayan asuba ina komawa in ɗan miƙe. Idona ya daina ruwa, zanena ya daina warin hayaƙi, ban ƙara durƙusawa ina hura ɗanyen itace har kaina ya yi jiri ba. Na saba da tuwon roba. Malmalar da nake ware mata yara suka riƙa rabawa, daga baya ma na daina ƙara dintsin garin. Kowace safiya in na ɗaga kai sai in ga hayaƙi na tasowa daga bayan katanga, in ce wa raina to ai ga shi tana girki, ƙila ɗan nata ya aiko, ƙila wani ya tuna da ita. Har haushinta na ji, ina cewa mutum ga yunwa ga girman kai. Haka muka yi kusan mako uku, muna gaisawa ta kan katanga, muryarta na ƙara yin ƙasa ina cewa tsufa ne.

Sai wata safiya muka tashi ba kuran, wato wutar lantarki. An ɗauke tun jiya da la'asar, aka ce daga can Najeriya ne matsalar. Na danna mashin, shiru. Yara na tsaye da robobinsu. Na laluba inda nake ajiye ashana na tarar da kwalin wayam, don tunda na daina hura wutar safe na daina kula da shi, ta yamma kuwa da 'yan ƙwayoyin da suka rage nake ta lallaɓawa. Na ɗaga kai, ga hayaƙin Inna na tashi kamar kullum. Na ɗauki murfin tsohuwar langa na zagaya ɗiban wuta, ina tafe ina shirya abin da zan ce don kada ta yi mini dariya.

Ba ta yi dariya ba. Tana zaune ta jingina da bango, ƙafafu a miƙe, zanen da ta saba ɗaurawa sau ɗaya ya zagaye ta kusan sau biyu. Wuyanta ya zama kamar na kaza. A murhu busasshen kashin jaki ne da tsumma ke ci, abin da ke ba da hayaƙi da yawa ba zafi. Na gaishe ta na ce wuta na zo ɗiba. Ta ce in ɗiba, ta yi nuni da haɓa, don hannun ma ɗaga shi aiki ne. Na durƙusa, kuma don in kai ga garwashin sai da na ɗan jawo tukunyar gefe. Ta taho mini ba nauyi, murfin ya zame. Ruwa ne a ciki. Ruwa zalla, ko ganye babu. A gefe ga wata 'yar ƙwarya da anza ke jiƙe, 'ya'yan itacen dajin nan da sai yunwa ke sa a ci, ɗacinta ma bai gama fita ba, ga kuma kwalin ashana a kan dutsen murhu, kusan cike.

Ashanar nan ta fi komai tsaya mini. Ai na san ba wuta ce ke kawo ta gidana ba, amma ban taɓa ganin shaidar a gaban idona ba sai ranar. Mako uku matar nan na tashi da asuba, ta tattaro kashin jaki, ta ɗora ruwa, don hayaƙi ya hau sama unguwa ta gani. Unguwa kuwa wa ke kallon wannan kusurwar in ba ni ba? Ni ta yi wa hayaƙin, ni kuma na karɓa hannu biyu don ya sauƙaƙa mini.

Na mayar da murfin kamar ban ga komai ba. Na san in na yi kuka a gabanta na gama da ita. Na ce, Inna, mashin ɗin nan ya mutu, ga yara na jira, itacena kuma ɗanye ne, tunda taki ta riga ta kama bari in kawo tukunyata in ɗumama a nan. Ta ce ai nan ma gidana ne. Na koma da sauri na juye tuwon daga roba zuwa tukunya, na kwaso 'yan itatuwan da nake ɓoyo, na dawo. Da ya yi zafi na saka malmala a kwano, na ce ta taɓa mini miyar ta ji, kamar ta so ta yi tsami.

Ta daɗe tana kallon kwanon. Sannan ta sa hannu. Ta ce gishiri ya yi yawa. Loma take yi ƙanana tana hutawa, rabin malmalar ma ba ta iya kaiwa ba, matar da da take share ta tas tana faɗa. Na kankare mata ƙanzo na jiƙa a ruwa, na ce wannan yarana ba sa so, kada ya lalace.

Muna nan zaune sai rediyon gidanmu ya ɓarke da kiɗan soja, alamar kuran ya dawo. Sai ga muryar maigidana ta kan katanga yana kirana, wai in zo an kawo, in bar wahalar hayaƙi. Na yi kamar ban ji ba. Inna ta ji sarai. Ta lashe yatsanta, ta dubi wutar.

"Ɗiyata, gobe ma za a ɗauke kuran ɗin?"

"Za a ɗauke, Inna. Kullum za a ɗauke."

Ina komawa gida na ɗauki wuƙar yanka kuɓewa na datse wayar daga inda ta shiga bango, a gabansa, bayan na sa shi ya kashe kuran daga ɗaki wai zan share. Ya yi faɗa har maƙwabta suka leƙo, ya ce zai gyara. Na ce ya gyara, wuƙar tana nan. Bai gyara ba.

Daga ranar kowace safiya a murhunta nake ɗumame. Amma jikin bai dawo ba. Ƙafafunta suka kumbura, cikinta ya daina riƙe abinci, da muka kai ta asibiti aka ce ta daɗe da rauni. Ruwa ya sauka sosai a daminar, hatsi ya yi kyau, ita kuwa ta rasu yana fitar da kai, ba ta ɗanɗana sabo ba. Mutane sun ce kwana ne ya ƙare, kuma haka ne. Ni dai na san da wane jiki ta fita daga madafata ranar da maza suka zo kallo, na kuma san da wane jiki na same ta bayan mako uku.

Da aka zo raba 'yan kayanta ba wanda ya kula kaskon, na ɗauko shi. Yana cikin mashin ɗin, don nan ne wuri ɗaya a madafar da akuya ba ta kaiwa. Maigidana ya tsufa yanzu, ya daina zuwa Legas, amma in baƙo ya tambaya har yau sai ya taso ya dafa bangon ya ba da labari: yadda ya ratso shingayen soja da shi, yadda ba ya cin wuri, yadda tuwo ke zafi a minti uku kafin mace ta lalata shi. In ya kai hannu zai buɗe ƙofar ya nuna cikin, nakan ce masa ya bari, akwai kaya a ciki.